Jirgin Ruwa a Cikin Kwalba

   Ranka ya daɗe shugaban wannan zama, iyayena malamai, 'yan'uwana maza da mata, da ku ɗalibai da na hango can baya.

Wannan abu da kuke gani a kwance bisa tebur a gabana kwalba ce irin wadda ake ɗura soyayyiyar gyaɗa a ciki, wadda ba wanda bai taɓa ganin irinta ba a bakin titin Kawo ko cikin Kasuwar Barci. Abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta shi ne, maimakon gyaɗa, jirgin ruwa ne a cikinta, da ginshiƙansa uku a tsaye, da ƙyallayensa a buɗe, da igiyoyinsa kowace a ɗaure a muhallinta, alhali kuwa bakin kwalbar ko babban yatsan mutum da ƙyar yake shiga. Duk wanda na taɓa miƙa wa ita, yaro ne ko dattijo, malami ne ko ɗan kasuwa, bayan ya juya ta, ya leƙa gindinta, ya shafa cikinta yana neman wurin da aka yanke aka liƙe, tambaya ɗaya yake yi: "Ta ina ya shiga?" Waɗansu sukan ce an yanke gindin ne, waɗansu su ce an hura gilashin ne jirgin yana ciki, akwai ma tsohuwar da ta taɓa ja da baya tana ta'awwuzi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ta baki ya shiga, kamar yadda gyaɗar ta shiga, kuma bayanin yadda haka ta auku shi ne maƙasudin tsayuwata a gabanku yau.

Na san wani zai ce a zuciyarsa, ina ruwan mutumin Kaduna da jirgin teku, shi da tsakaninsa da bakin teku akwai ɗaruruwan kilomita? Sai in ce masa ya dubi harshensa. Tun kafin Bahaushe ya ga ƙarfe yana gudu bisa dogo, ko ya ɗaga kai ya ga wani yana keta gajimare, kalmar jirgi a bakinsa sunan abin fito ne, itacen da aka fafe ana ƙetare gulbi da shi. Da baƙin abubuwan nan biyu suka zo, bai sami sunan da ya dace da su ba sai na wancan tsohon itace, ya ce jirgin ƙasa, ya ce jirgin sama. Garin nan namu kuma sunan kogi ya ci, kogin kuma sunan kaddunan da ke cikinsa, kuma ruwan da ke wucewa ta gefen Kabala da Unguwar Rimi ba ya tsayawa sai ya faɗa Kwara daura da Fategi, daga nan sai teku. Hatta layin dogon da ya isa Kano a 1911, ƙarafansa ta ruwa aka hauro da su har Baro. In kuwa asali ake so, to, a 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana na Jami'ar Maiduguri da takwarorinsu na Farankfot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000, wato babu jirgin da aka taɓa samu a nahiyar Afirka da ya girme shi. Mutanen da ƙasarsu ta ɓoye irin wannan amana ba su cancanci a ce musu baƙin jirgi ba.

Shi kuwa sassaƙa ƙaramin jirgi don kwaikwayon babba, daɗaɗɗen abu ne ƙwarai. A 1920 an buɗe kabarin wani babban bafade na Masar ta dā mai suna Meketre, kusa da Luksor, aka tarar da ƙananan jiragen katako waɗanda suka kwana a wurin kimanin shekara 4,000, yau waɗansunsu suna Alƙahira waɗansu suna Niyok. Amma shigar da abu cikin kwalba bai samu ba sai da masu hura gilashi na Turai suka iya yin kwalba garau wadda ido ke ratsawa. Daga cikin na farkon da aka san sunansu akwai wani Bajamushe, Matiyas Bukinga, wanda aka haifa a 1674 ba hannuwa ba ƙafafu, amma duk da haka ya shahara da rubutu mai ƙanƙanta da kyau, kuma a 1719 ya gina siffar ramin haƙar ma'adinai a cikin kwalba. Ina son ɗalibai su riƙe sunan mutumin nan, domin duk sa'ad da na ji mai yatsu goma lafiyayyu yana cewa hannunsa ba ya iya aiki mai laushi, shi nake tunawa. Jirgi kuma, mafi tsufan da ya rage a cikin kwalba shi ne wanda wani mai suna Jobanni Biyondo ya yi a 1784, yana ajiye a gidan tarihi na birnin Lubek a Jamus.

Sai dai abin bai zama ruwan dare ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, sa'ad da kwalabe suka yi arha, manyan jiragen ƙyalle kuma suka cika tekuna suna jigilar shayi da ulu da hatsi. Matuƙi yakan yi wata uku ko huɗu bai ga tudu ba. In ya sauka daga aiki, abin da ke hannunsa wuƙa ce, da guntun katako, da zare, da kwalbar da aka shanye abin cikinta, ga kuma kewar iyali. Ɗakin kwanansa bai da sararin ajiye babban abu, girgizar teku kuma takan karya duk abin da bai da kariya, saboda haka kwalba ta zame masa akwati da taga a lokaci guda. In ya iso gida sai ya miƙa wa mahaifiyarsa ko matarsa siffar jirgin da ya rayu a cikinsa, igiya bayan igiya, domin shi ya san sunan kowace da aikinta. Yau a garin Enkhuizen na ƙasar Holan akwai gidan tarihi sukutum wanda ba a ajiye kome a cikinsa sai irin waɗannan kwalabe.

Kafin in shiga bayanin aikin, wajibi ne in tsaya kan wata mas'ala wadda na san tana zukatan iyayena malamai, wato hukuncin taswira. Ni ba mai fatawa ba ne, ɗalibi ne, amma abin da na karanta a gaban malamaina shi ne, tsanantawar da ta zo ta shafi surar abin da ke da rai ne. Ya tabbata a ingantattun littattafan hadisi cewa wani mai sana'ar zane ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, yana neman mafita, sai ya gargaɗe shi game da masu rai, ya nuna masa itatuwa da sauran abin da ba shi da ruhi. Jirgi kuwa katako ne da ƙyalle da zare. Don haka ni a nawa aikin ba na sa mutum-mutumin matuƙi ko tsuntsu ko kifi, kuma ban ga jirgin ya rasa kome ba saboda haka. Bugu da ƙari, Alƙur'ani mai girma ya ambaci jiragen da ke gudana a teku cikin ayoyin Allah a wurare da dama, ya ba mu ƙissar Annabi Nuhu, alaihis salam, wanda aka umarta ya sassaƙa jirgi mutanensa suna wucewa suna yi masa izgili. Wanda ya zauna yana lissafin yadda katako zai zauna bisa ruwa, iska ta tura shi, in ya yi niyya ta gari, tafakkuri yake yi.

To, ga yadda ake yi. Farkon abu, ba jirgi ake fara yi a nemo masa kwalba ba. Kwalba ake fara samu, a wanke ta tas, a shanya ta kwana biyu ko uku, sa'an nan a auna ta a wuri uku: faɗin bakinta, tsawon cikinta daga kafaɗa zuwa gindi, da zurfinta in tana kwance. Bakin irin wannan ta gabana bai wuce santimita 2 ba, kuma wannan awo shi ne alƙalin aikin duka, domin duk abin da ya fi shi kauri, kome kyansa, a waje zai kwana. Sai ka zana kwalbar a takarda daidai girmanta, ka zana jirgin a cikin zanen, ka tabbata ginshiƙi mafi tsawo bai taɓa rufin gilashi ba, bayan ka cire kaurin ruwan da jirgin zai zauna a kai. Wanda ya tsallake takarda ya tafi ga wuƙa kai tsaye, zai gane kuskurensa ne a ranar da gyara ba ya yiwuwa.

Gangar jikin jirgin ana sassaƙa ta daga guntun katako mai laushi wanda ba ya tsagewa, kuma 'yan katako na kasuwar Fanteka sukan zubar da guntayen da suka ishe ka shekara. Rabin sama kaɗai ake sassaƙawa, wato abin da ke bisa ruwa, tun da na ƙasa ido ba zai gan shi ba, wurin da zai ci kuma ana bukatarsa. Ginshiƙai da sandunan da ke gicciye a kansu, tsinken sakace ko tsagin gora ya isa, a kankare da reza har ya yi siriri. Ƙyallayen da iska ke hurawa, waɗanda Larabawa ke kira shira'i, da takarda mai laushi ake yinsu ko tsohon farin yadi da ya sha wanki, a jiƙa shi da ruwan shayi kaɗan don ya yi kalar wanda ya sha rana, a naɗe shi jikin alƙalami don ya yi ciki kamar iska na cikinsa.

Asirin duka yana gindin ginshiƙi. Ba a kafa shi daram. Ana huda gindinsa da allura, a zura siririyar waya, a lanƙwasa ta, a soke bakunanta biyu cikin gangar jirgin, ta yadda ginshiƙin zai iya kwanciya ta baya ya kuma miƙe, kamar ƙyaure a jikin ƙofa. Igiyoyin da ke riƙe shi ta gefe da ta baya ana ɗaure su dindindin, a auna tsawonsu daidai yadda in ya miƙe sosai za su ɗame su hana shi wucewa gaba. Amma igiyar da ke jansa ta gaba ba a ɗaure ta. Ana zura ta cikin 'yar huda a sandan da ke goshin jirgin, a bar ta da tsawo har ta fito waje ta bakin kwalba. Kowane ginshiƙi da nasa zaren, kuma mai hankali yakan liƙa wa kowane zare 'yar takarda mai lamba, domin in sun kai bakwai ko takwas a bakin kwalba ɗaya, ido ba ya rarrabe su. Sa'an nan sai a gwada a waje, a kwantar, a ja, a kwantar, a ja, sau goma ko fiye, har sai an tabbata ba zaren da ke hawa kan ɗan'uwansa.

Ruwan teku kuwa foti ne irin na masu sa gilashin taga, a kwaɓa shi da shuɗin fenti da ɗan kore. Ana shigar da shi kaɗan-kaɗan da doguwar waya, irin ta ƙafar keke wadda aka daddaƙe bakinta ya yi faɗi, a kula kada ya shafi gilashi a hanya, a baje shi, a tayar masa da 'yan raƙuman ruwa, a ɗiga farin fenti a kawunansu. Daga nan sai babbar rana. A kwantar da ginshiƙai duka, a juya sandunan gicciye su bi tsawon jirgin, a naɗe ƙyallaye a hankali, jirgin ya koma kamar lema a rufe. A tura shi ta baki, bayansa ne ke fara shiga, a dafa shi da waya har ya zauna cikin fotin, a bar shi ya kama. Sai a fara jan zare, na ginshiƙin baya tukuna, sa'an nan na tsakiya, sa'an nan na gaba. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma ban taɓa ganin inda maganar nan ta bayyana a zahiri kamar nan ba: abin da ya shiga a sunkuye, ga shi yana miƙewa a hankali har ya cika kwalbar. In kome ya daidaita, a ɗiga gam a hudar da zaren ya bi, a jira ya bushe, a yanke saura da guntun reza da aka ɗaure a bakin waya.

Akwai abin da littattafan Turawa ba za su gaya muku ba, domin ba a Kaduna aka rubuta su ba. In ka toshe kwalba a watan Agusta, lokacin da damina ta nutsa, ka kulle laima a ciki ke nan, kuma ranar da rana ta bugi gilashin za ka ga gumi ya rufe shi, bayan 'yan watanni ƙyallen ya yi fumfuna. Na yi hasarar aikin wata biyu ta wannan hanya, kuma har yau ina jin zafinsa. In kuwa hunturu ne, gam yana bushewa kafin ka kai shi inda kake so, katako ɗanye yana tsagewa, ƙura kuma tana shiga ko'ina. Abin da na zauna a kansa shi ne, a yi sassaƙa da ɗaurin zare da damina, sa'ad da katako ke da sauƙin hali, a shigar da jirgi a bar bakin a rufe da ƙyalle mai shara-shara, sa'an nan a toshe shi a tsakiyar rani.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna, wanda saboda shi na karɓi goron gayyatar nan. Hannun da ke yin wannan aiki muna da shi, ba sai an aro mana ba. Duk wanda ya tashi a Unguwar Shanu ko Badarawa ko Tudun Wada ya san motar kara. Bayan an yi girbi, yaro ɗan shekara takwas zai ɓare kara, ya ware ɓawon daban, totuwar daban, ya yanka, ya soka, ya tayar da babbar mota da ƙafafunta da ƙyaurenta mai buɗewa, ba ƙusa ba gam, ba kuma wanda ya zana masa a allo. In ya ƙara wayo sai ya koma ga gwangwanin madara da waya da tsohon silifa, ya yi motar langa-langa mai sitiyari. Wannan handasa ce tsantsa, awo ne da ƙiyasi da sanin halin kowane abu. Amma me muke yi wa yaron nan? Ranar da ya shiga babbar makaranta sai mu ce masa ya girma, ya bar wasan yara, mu raba hannunsa da ƙwaƙwalwarsa, mu ce ɗaya ta tafi aji ɗayan ya shiga aljihu. Waɗanda suka ƙi rabuwa da wannan baiwa, da yawansu su ne kuke gani a Fanteka suna ƙera injin niƙa da murhu da akwati daga ƙarfen da wasu suka yar, kuma sau da yawa ɗaliban manyan makarantu wurinsu suke zuwa a haɗa musu abin da suka zana. Ina ganin wannan rabuwa hasara ce babba, kuma laifinmu ne mu manya, domin yaro bai taɓa ganin babansa ma'aikaci ko alhaji ɗan kasuwa ya dawo gida bayan la'asar ya zauna yana ƙera wani abu da hannunsa don nishaɗi kawai ba. Ya ga yana kallon talabijin, ya ga yana latsa waya. Ta yaya zai yarda aikin hannu abin mutunci ne?

Ba ina cewa kowa ya koma sassaƙa jirgi ba. Abin da na gani a wannan aiki shi ne yana horar da gaggawa, wadda ita ce cutar zamaninmu. Bakin kwalba ba ya karɓar uzuri, ba ya sanin matsayin mutum, kuma ba a yi masa dabara. Na ga ma'aikacin da ya yi ritaya, wanda zaman gida ya fara sa masa ƙunci da yawan faɗa da iyali, ya kama wannan aiki, jikokinsa suka dawo suna kewaye shi suna riƙe masa zare.

Sa'an nan, wane jirgi za mu sa a kwalabenmu? Ba dole ne kullum mu kwaikwayi na Ingila ba. A 2010 wani mai fasaha ɗan asalin ƙasar nan, Yinka Shonibare, wanda aka haifa a Landan a 1962 ya tashi a Legas, ya kafa wata ƙatuwar kwalba a dandalin Tarafalga a tsakiyar Landan, da siffar jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory a cikinta, amma ƙyallayen jirgin duka na atamfa ne, irin wadda iyayenmu mata ke ɗaurawa, irin wadda masaƙun Kakuri a ƙetaren gada suka daɗe suna bugawa a da. Yau tana gaban gidan tarihin jiragen ruwa na Girinic. Ya ɗauki abin alfaharinsu ya sa masa tufafinmu, duniya kuma ta tsaya ta duba. Mu ma muna da namu. Akwai kwalekwalen Dufuna, da jiragen Sarkawa na Argungu da Yawuri, da manyan jiragen fito na Nufawa masu rumfa, da na ciyawa waɗanda Buduma ke ɗaurawa a tafkin Chadi. Akwai ma jirgin da tawagar su matafiyi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ta ɗauko daga Tarabulus gunduwa-gunduwa bisa raƙuma, ta ratsa Sahara da shi, aka harhaɗa shi a Barno, abokin tafiyarsa Overweg ya shiga tafkin Chadi da shi a 1851. Wancan ma ta ƙuntatacciyar hanya ya shigo a wargaje, ya miƙe a ciki. Da ɗalibanmu za su auna waɗannan jirage, su tambayi masassaƙan da suka rage sunan kowane sashe da Hausa da Nufanci, su ƙera su ƙanana, da mun sami abin da za mu kai Gidan Tarihi na titin Ali Akilu ko Gidan Arewa mu ce ga namu.

Ga wanda ke son farawa, shawarata ita ce ya nemi kwalba mai faɗin baki, irin ta zuma, ya fara da jirgi mai ginshiƙi ɗaya da ƙyalle biyu. Kayan aikinsa reza ce, da allura, da hantsaki, da waya biyu ko uku da zai lanƙwasa da kansa, da zaren ɗinki baƙi da ruwan ƙasa wanda ya shafa wa kakin zuma don kada ya yi gashi. Duka ba su kai kuɗin katin waya na mako guda ba.

Ranka ya daɗe shugaba, gani ya kori ji. Na zo da kwalba ta biyu a cikin jakar nan, jirginta yana ciki tun shekaranjiya, a kwance, fotin ya kama shi, zarensa biyar suna waje kowane da lambarsa. Ina roƙon izini a bar ɗaliban da ke baya su matso gaba, ƙanana a gaba manya a bayansu, kada kowa ya taɓa tebur. Ina kuma son yaro ɗaya, wanda ya taɓa yin motar kara da hannunsa, ya zo ya tsaya a damana. Shi zai ja zare na farko, mai lamba ɗaya, a hankali, da bismillah.